Yaji, Biko da Shari'a

A al'adar Hausawa, matar da duka ya ishe ta takan yi yaji, watau ta koma gidan iyayenta, sa'an nan miji ya aika biko. Aibin wannan hanya shi ne akan mayar da ita da ban haƙuri kawai, ba sharaɗi. Alhali kuwa a mazhabar Malikiyya alƙali yana iya raba aure in cutarwa ta tabbata. Dokar tarayya ta 2015, wadda ta fara aiki a Abuja, ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ga mai dukan matarsa, Kaduna kuma ta kafa irinta a 2018. Saura waliyyai da masu unguwanni su riƙa kafa shaidu tun ranar biko, gama alƙali ba ya hukunci sai da shaida.