Sarkin Gidan Mota: Akwatin Sarrafa Wutar Jiki da Yadda Ake Sauya Shi

A tsohuwar motar a-kori-kura, irin Peugeot 404 da aka daɗe da sani a ƙasar Hausa, sha'anin wuta ba shi da wani sarƙaƙiya. Waya ce ta taso daga batir, ta bi ta fiyus, ta shiga makunni, ta ƙare a ƙwan fitila. Idan fitila ta ƙi kamawa, mai gyara zai bi wayar da hannunsa har ya iske inda ta tsinke. Motar yau kuwa ba haka take ba. Idan direba ya murɗa makunnin fitila, ba wuta ya saki ba, saƙo ya aika. Akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke karɓar saƙon, ita ce ke yanke shawarar ko ta saki wuta ko ta riƙe. Masu ƙera motoci suna taƙaita sunanta da haruffa uku, BCM, mu kuma a nan za mu kira ta akwatin sarrafa wutar jiki.

Dalilin wannan suna shi ne kwamfutocin mota sun raba aiki a tsakaninsu. Akwai ta inji, mai lura da fetur da tartsatsin fulogi. Akwai ta giya. Akwai ta birki. Abin da ya rage, wato fitilun ciki da na waje, da hon, da makullan ƙofofi, da na'urar hana sata, a wasu motocin har da wayifa da gilasai, duk suna hannun wannan akwati. Matsayinsa kamar na sarkin gida ne a fada: ba ya zuwa yaƙi, amma ba a buɗe ƙofa ko a kunna fitila sai da saninsa.

Bari mu ɗauki misali da motocin kamfanin General Motors na Amurka, wato Chevrolet Silverado da GMC Sierra, ƙirar 2003 zuwa 2006. Motoci ne na manoma da magina da masu jan tirela, kuma har yanzu da yawansu suna kan hanya. A cikinsu akwatin yana ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, kusa da sandar sitiyari. Yana magana da sauran kwamfutocin ta waya guda ɗaya tak, wadda kamfanin ya sa wa suna Class 2. Daga sabuwar ƙirar 2007 aka koma kan tsarin CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Mai karatu ya riƙe zancen wayar nan guda, domin za mu komo gare shi.

Idan akwatin ya fara lalacewa, alamunsa ba su da tsari, kuma wannan rashin tsarin shi ne babbar shaida. Fitilar ciki ta ƙi mutuwa. Makullan ƙofofi su riƙa buɗewa da rufewa ba wanda ya taɓa su. Rediyon da aka tsara ya ci gaba da aiki na kimanin minti 10 bayan an kashe mota, ko har a buɗe ƙofa, sai ya kwana yana ci. Da safe a iske batir ya mutu. Mai motar ya sayi sabo, bayan kwana uku shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ga mutumin da motar ce jarinsa, kowace safiya irin wannan asarar yini ce guda.

To amma sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba. Akwatin nan yana shan zargi fiye da laifinsa, kuma a ganina kuskuren da ya fi cin kuɗin masu mota shi ne gaggawar sayen sabo. Batir mai rauni kaɗai ya isa ya rikita kowace kwamfuta a mota. Saboda haka mai gyara na ƙwarai da batir yake farawa: cikakken batir yana nuna bolt 12.6 idan inji na kashe, idan kuwa inji na aiki ya kamata ma'auni ya hau zuwa wajen bolt 14, alamar altaneta tana caji. Daga nan sai ya duba wayoyin da ke mayar da wuta ga ƙarfen jikin mota. A jihohin arewacin Amurka, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin dusar ƙanƙara, tsatsa takan cinye inda aka ɗaure waɗannan wayoyi, sai wuta ta rasa hanyar komawa ta shiga neman wata, fitilu su yi ta walƙiya kamar masu aljanu. Goge wurin da ɗaure ƙusa ɗaya yakan warkar da abin da aka zaci mutuwar kwamfuta ce.

Sai kuma wayar nan guda da muka ambata. Tun da dukan kwamfutocin a kanta suke magana, ɗaya daga cikinsu in ta lalace tana iya toshe bakin sauran, kamar mutum guda mai ihu a majalisa. Haka nan rediyon da aka sayo daga waje aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, ko na'urar tayar da inji daga nesa da mutanen ƙasashen sanyi ke so, suna iya jawo irin wannan rikici. Shi ya sa ake tambayar mai mota: me aka ƙara mata kwanan nan?

Bayan wannan ne ake ɗauko na'urar bincike. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod, a nan ake jona na'urar. Lambobin da take nunawa suna farawa da harafi: P na inji da giya, B na jiki, C na birki da ƙafafu, U na sadarwa tsakanin kwamfutoci. Ƙananan na'urori masu araha galibi na P kaɗai suke karantawa, don haka suna iya cewa mota lafiya lau alhali tana fama. Ana kuma auna wutar da mota ke sha bayan an kashe ta an bar kwamfutocinta sun yi barci. Idan ta wuce kimanin kashi 1 cikin 20 na amfiya ɗaya, akwai abin da bai yi barci ba, sai a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya har a gano shi. In an tabbatar wuta na isa akwatin, hanyar komawarta lafiya, saƙon makunni na shiga, amma umarni ba ya fita, sai a lokacin ne hukunci ya hau kansa.

Cire shi da sa wani ba wuya. A kwance kan batir mai alamar ragi, a dakata 'yan mintoci saboda jakar iska ta kariya, a cire murfin da ke ƙasan sitiyari, a zare soket-soket ɗin a hankali kada haƙoransu su lanƙwashe. Abu biyu ne kawai ake lura da su. Na farko, lambar sabon ta dace da ta tsohon. Na biyu, a nemi abin da ya kashe tsohon: ruwan da ke yoyo ta gefen gilashin gaba ne, ko an haɗa batir a juye wajen tayar da mota, ko wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe? In ba a gyara wannan ba, sabon ma ƙonewa zai yi.

Wahalar tana gaba. Sabon akwati baƙo ne, bai san gidan da aka kawo shi ba. Dole a shigar masa da lambar shaidar motar, mai haruffa da lambobi 17, a kuma gaya masa kayan da motar ta zo da su daga masana'anta. A waɗannan motoci jerin kayan yana rubuce a wata takarda da aka manna cikin aljihun dashbod. Dillalan kamfanin sun riƙa yin wannan aiki da na'urarsu mai suna Tech 2, kuma sukan jona wa batir caja yayin aikin, domin in wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu, akwatin na iya mutuwa tun bai fara aiki ba. Wanda ya sayo akwati daga motar da aka farfasa kuwa, ya sani ya ɗauko shi da tunanin waccan motar ne. Yana iya neman kayan da babu, ko ya ƙi kula waɗanda ke akwai.

Na'urar hana sata, mai suna Passlock, ita ce ke ba mutane da yawa tsoro. Idan aka murɗa makulli, wani ɗan ma'auni a jikin gidan makullin yana aika wa akwatin alama. In alamar ta dace da wadda ya sani, sai ya ba kwamfutar inji izinin sakin fetur. Sabon akwati bai san alamar ba, don haka inji zai tashi ya mutu nan take, fitilar tsaro ta kama a dashbod. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, in ji mai motar, amma maganin haƙuri ne kawai. A gwada tayar da inji, a bar makulli a kunne har fitilar tsaro ta mutu, abin da ke ɗaukar kimanin minti 10. A kashe na 'yan daƙiƙoƙi, a sake. Sau uku ake yi, jimilla minti 30, kuma dole batir ya kasance da ƙarfin da zai jure wannan zama. A karo na huɗu ne inji ke tashi ya tsaya. Daga nan sai mai gyara ya share tsofaffin lambobin da ke cikin kwamfutoci, ya gwada kowace fitila da kowace ƙofa, sa'an nan ya bar motar ta kwana, ya auna batir da safe kafin ya kira mai ita.