Takardar da Ke Ƙasan Fayil

A shagunan kwamfuta na Gwallameji, daura da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, inda kukan janareta ba ya yankewa, ba wuya ka ga matashi rungume da fayil yana shirin fita waje: fasfo a sama, katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa, sai takardar inshora can ƙasa, wadda ejan ya haɗo masa, shi kuwa ko layin farko bai karanta ba. A wurinsa tikitin shiga ofishin jakadanci ce kawai. Ƙasashen Turai na yankin Shengen ba sa ba da bizar ziyara sai da inshorar da za ta ɗauki nauyi har Yuro 30,000, Saudiyya ma ta cusa inshorar lafiya cikin kuɗin bizar Umara. Ba don ado aka yanka wancan adadi na Shengen ba. Jinyar mako guda a can, ko dawo da gawa gida, na iya cinye gonar gado.

Wasu za su ce inshora akwai riba da caca a ciki. Damuwa ce mai tushe, sai dai tun 2013 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya don tallafa wa wanda tsautsayi ya faɗa wa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗalibanmu sun kwashe kwanaki a kan iyakar Masar kafin jirage su fara kwaso su daga Aswan a farkon Mayu. Wace inshora ce ta cece su? Yawancin takardun nan sun cire yaƙi daga abin da suke biya, haka ma hawan jini ko ciwon suga da mutum ya ɓoye lokacin saye. To ai wannan hujja ce ta karantawa, ba ta watsarwa ba. Wanda ya san inda takardarsa ta tsaya zai kai sunansa ofishin jakadancin Najeriya da zarar ya sauka, ya bar kwafin fasfo a gida, ya kuma rubuta lambar gaggawa ta kamfanin a takarda, ba a waya kaɗai ba, domin kamfanoni da dama sai an kira su kafin a kwantar da mutum suke yarda su biya.