Ma'aunin da ke cikin kunne, mai tsaida gani in kai yana motsi

Duk wanda ya taɓa hawa bisa kamyon albasa, ko ya bi kabu-kabu daga Urno zuwa Madawa, ko daga Buza zuwa Keita, ya san abin da gargadar hanya take yi wa jiki. Amma duk da wannan jijjiga matafiyi yana karanta lambar motar da ke gabansa, yana kuma gane fuskar wanda ke tsaye bakin hanya. Wanda ya ɗauki hoton wannan hanya da hannu mai rawa zai ga itatuwa da duwatsu suna tsalle. Ido ba ya haka, domin akwai mai riƙe shi, kuma a cikin kunne yake.

Mai karatu zai iya gwadawa nan take. Ka riƙe wannan jarida, ka riƙa kaɗa ta dama da hagu da sauri, kanka a tsaye: rubutun zai dagule. To, yanzu ka tsaida jaridar, ka kaɗa kanka da wannan saurin: rubutun yana nan daram.

Can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne, akwai wasu ƴan bututu uku masu lanƙwasa kamar zobe, cike da ruwa, kowane yana fuskantar nasa ɓangare: ɗaya na juya kai, biyu na ɗagawa da sunkuyawa da karkatawa. Dukansu ba su wuce kan ɗan yatsa ba. In kai ya juya, ruwan yakan yi jinkiri, kamar yadda ruwan ƙwarya ke tsayawa in an murza ƙwaryar, sai ya tura wasu ƙananan gasu masu ji. Nan take saƙo ya tafi gindin ƙwaƙwalwa, daga nan zuwa naman da ke juya ido. Kai ya yi dama, ido ya yi hagu, daidai wa daida. Kusa da bututun akwai ƴan jakkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na alli, su ke gaya wa mutum ina sama ina ƙasa, da kuma tashin mota da takawar birki.

Sirrin yana ga sauri. Saƙon kunne yana motsa ido cikin kusan kashi 1 bisa 100 na daƙiƙa, alhali in ido ne da kansa zai bi abu mai motsi, sai ya ɗauki wajen ninki 10 na wannan. Shi ya sa jarida mai motsi ta gagara karantuwa. Kaza kuwa, da yake idonta ba ya juyawa sosai, wuyanta ke wannan aiki: ka ɗauke ta ka jujjuya jikinta, kanta yana wuri guda kamar an kafa shi da ƙusa.

Darajar wannan ma'auni ba ta bayyana sai ya lalace. A shekarar 1952 wani likita ɗan Amurka, John Crawford, ya ba da labarin kansa cikin wata mujallar likitoci ta birnin Boston. An yi masa allurar streptomycine saboda ciwon gwiwa da aka zaci tibi ne, maganin ya kashe masa gasun nan a kunnuwa biyu. Ko yana kwance, bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya sa rubutu rawa, sai ya tokare kansa kafin ya iya karatu. In yana tafiya ba ya gane fuskoki, don haka ya koma gaida duk wanda ya gamu da shi, kada a ce ya yi girman kai. A ƙasarmu, inda wuce mutum ba gaisuwa yake iya ɓata zumuncin shekaru, kowa zai fahimci damuwarsa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Streptomycine, wadda aka gano a 1943, ta ceci rayuka masu yawa daga tarin fuka, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawarar tsohon tsarin da ake ƙara ta ga masu maimaita magani. Amma ƴar'uwarta gentamicine tana nan ana aiki da ita, mai araha ce, mai amfani ce a hannun likita, kuma ita ma tana iya cin ma'aunin kunne, musamman in an daɗe ana yinta ko ƙodar mutum ba ta da ƙarfi. A ganina babban haɗari shi ne allurar da ɗan kasuwa zai saya hannun mai talla, a yi masa a rumfa don kada ya rasa cinikin yini. Gasun da suka mutu ba su sake tsirowa. Sanƙarau ma, irin wanda ya yi ɓarna a Nijar a 1995, yana iya barin mutum da kurumta da tangaɗi.

Abin takaici, mai wannan lalura sau da yawa yana ji garau, yana gani garau in yana zaune, sai a ce raki ne, ko hawan jini, ko iskoki. Alamarta ita ce duniya ta riƙa rawa in yana tafiya, kuma ya kasa taka rairayi ko tafiya cikin duhu ba tangaɗi. Gane ta ba ya bukatar babbar na'ura. Robert Bárány na birnin Biyana ya sami kyautar Nobel ta 1914 saboda gwajin zuba ruwan ɗumi da na sanyi cikin kunne a duba motsin ido. A 1988 kuma Halmagyi da Curthoys na Ostareliya sun nuna hanya mafi sauƙi: majinyaci ya kafa ido ga hancin likita, likita ya juya masa kai kaɗan da sauri. In ido ya bi kan sannan ya zabura ya dawo, ma'aunin wannan ɓangare ya raunana.

Wanda abin ya sama yana samun sauƙi ta hanyar motsa jiki na musamman: ya kafa ido ga harafi guda a bango yana juya kai, sau da yawa kowace rana, har ƙwaƙwalwa ta koyi dogara ga ido da tafin ƙafa. Wanda kuwa ake yi wa irin wannan allura, ya ji jiri ko ƙara cikin kunne, ya gaya wa likita kafin allura ta gaba.