Zirga-zirga da aikin gayya a ƙasar Arewa: misalin Dogon Dutsi da Tibiri

Gabatarwa

Wannan takarda tana magana ne a kan yadda mutanen gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, cikin jahar Doso, suke kai da kawowa a harkokinsu na yau da kullum: zuwa kasuwa, da gona, da likita, da biki ko gaisuwar mutuwa. Za mu duba abubuwan hawan da talaka yake iya samu, da dalilin da ya sa yake zaɓen wannan ya bar wancan. Daga nan za mu nuna cewa abin hawa kowa da nasa, amma hanyar da ake bi ta jama'a ce, kuma da zarar an sauka daga kwalta, mafi yawan abin da ke riƙe da ita aikin sa kai ne wanda ba a biyan kowa. Tibirin da muke nufi a nan ita ce ta Dallol Mawri, ba Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi ba.

1. Ƙasar da hanyoyinta

Har zuwa 2011 gunduma ɗaya ce. A wannan shekara aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi, ta tafi da ƙananan hukumomi huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Dutsi ta saura da shida: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Dankasari, Dogon Kiriya da Sukukutan. A ƙidayar 2012 an sami mutum sama da 370 000 a gundumar Dutsi, da kimanin 270 000 a ta Tibiri. Garin Dutsi kansa bai kai mutum 40 000 ba a lokacin. Ke nan mafi yawan jama'a a ƙauyuka suke, kuma birnin wurin zuwa ne a gare su, a yi abin da ya kawo mutum a koma.

Dallol Mawri tsohon kwarin kogi ne da ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu. Cikinsa rairayi ne da fadamu, ruwan rijiya ba nisa, shi ya sa garuruwa suka jeru a cikinsa. A gefensa akwai tsaunuka da faƙo, inda ruwan sama ke gangarowa da ƙarfi ya yanka ƙoramu. Matafiyi yana fama da abu biyu ke nan: rairayi da rani, ƙorama da taɓo da damina.

Babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1 ita ce ƙashin bayan zirga-zirgar yankin. Ta taso daga Yamai ta bi Doso, ta shiga Dallol ta Kore Mairuwa, ta ratsa Dutsi da Dankasari ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram. Wannan hanya tana da tarihi. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka yi a 1898 ta bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin mil 100 (kimanin kilomita 160) kewaye da Sakkwato, kuma Dutsi tana ciki. Sai ya zama Faransawa ba su da hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Neman wannan hanya na cikin dalilan da suka sa aka sake shata iyaka a 1904 da 1906, ƙasar Arewa ta rabu biyu, ɓangare a Nijar, ɓangare a Nijeriya wajen Kangiwa. Talakawa ne suka share hanyoyin mulkin mallaka da aikin dole, wanda ba a soke ba sai 1946. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta nuna a wani rubutunta na 2002 cewa wahalar wancan zamani da tsoron haɗari suna nan cikin labaran da Mawri suke bayarwa game da hanyar.

2. Abubuwan hawa

a) Ƙafa da jaki. Har yanzu su ne na farko. Mata masu kai itace ko nono kasuwa, da ɗalibai masu zuwa lakwal daga ƙauyukan kewaye, da masu lambu a bakin Tapkin Sao, yawancinsu da ƙafa suke tafiya. Jaki ba ya tsoron rairayi, kuma abincinsa yana gona.

b) Amalanke (charrette). Ta jaki ko ta shanu, ita ce motar ƙauye. Da ita ake kai taki gona, a kwaso damman hatsi, a ɗauko bulo da ruwa, a kai mata kasuwa, a kai marar lafiya likita. Maƙera da masu walda na gari suna iya gyara ta, tayunta kuma na tsohuwar mota ne. Aibinta jinkiri: tafiyar da moto zai yi cikin rabin awa tana iya cinye mata safiya.

c) Keke. Ba ya shan mai, gyaransa da sauƙi, ya dace da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci cikin gari da kan faƙo. Amma a rairayin Dallol sau da yawa mai keken ne ke tura shi.

d) Moto da kabu-kabu. Sana'ar ɗaukar fasinja a kan moto ta fara ƙarfi a garuruwan bakin iyaka irin su Birnin Ƙonni da Gaya tun shekarun 1980. Daga shekarun 2000, shigowar motocin Sin da Indiya masu araha, irin su Kasea da Bajaj, ta sa moto ya kai ƙauyukan da mota ba ta taɓa zuwa ba. Da wayar salula ta yaɗu, sai ya zama ba a jiran tasha: a kira ɗan kabu-kabu ya zo ƙofar gida. Samari da yawa sun sami abin yi da rani maimakon tafiya cin rani. Sai dai yawancinsu sun koyi tuƙi ne a hannun abokai, hular kwano ba ta damu kowa ba, kuma a kan ɗora mutum uku ko huɗu da kaya. A inda hanyar ƙauye ta haɗu da kwalta, moto yana gamuwa da manyan motoci masu gudu, kuma a nan ne haɗari ya fi muni.

e) A-daidaita-sahu. Mai ƙafa uku ce, sunanta daga Kano ya zo, inda gwamnatin jaha ta shigo da ita a tsakiyar shekarun 2000. Ta fi moto rufin asiri ga mata da tsofaffi, amma ta fi son hanya mai tauri.

f) Motocin kasuwa da bas. Ƙananan bas da a-kori-kura suna bin ranakun kasuwanni, ba su da lokacin tashi sai sun cika. Manyan bas na kamfanoni irin su Rimbo suna ratsa Dutsi da lokacinsu, amma amfaninsu ga mai tafiya Yamai ko Maraɗi ne. Wanda zai tashi daga Sukukutan zuwa Dutsi ba su san da shi ba.

Daga wannan jeri za a ga cewa mutum ba ya zaɓen abin hawa don sha'awa. Abu huɗu ke yanke masa shawara: irin ƙasar da zai taka, lokacin shekara, nauyin kayansa, da gaggawar da yake ciki. Shi ya sa gida ɗaya zai yi amfani da amalanke ranar kasuwa, keke ranar lakwal, kabu-kabu ranar ciwo. Haka ma fita ta zumunci ko ta buɗe ido. Masu zuwa ɗaurin aure a Matankari sukan haɗa kuɗi su yi shatar mota ɗaya. Ƴan lakwal masu son ganin Lugu, garin da Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, dole su yi la'akari da damina kafin su sa rana. Hawan Tozon Bijini kuwa, dutsen da ke bakin garin Dutsi, ƙafa kawai yake buƙata.

3. Mai da iyaka

Moto ya rage nisa, amma ya ɗaure ƙauye da farashin mai. Shekaru da yawa man da ake sha a yankin daga Nijeriya yake shigowa, ƴan ruwa-ruwa suna sayar da shi a kwalabe a bakin hanya, don ya fi na gidan mai araha. Ko bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011 wannan ciniki bai tsaya ba. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa kuɗin kabu-kabu. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A watan Mayu na 2023 ta cire tallafin mai, farashi ya tashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A irin waɗannan lokuta gidan da bai sayar da jakinsa da amalankensa ba shi ne ya fi samun sauƙi.

Akwai kuma batun tsaro. A Diffa a 2015, da wasu sassan Tillaberi a 2020, hukuma ta hana hawan moto saboda ƴan bindiga suna amfani da shi. Wannan ya nuna cewa yankin da ya dogara ga moto kaɗai yana iya wayar gari ba shi da ƙafa.

4. Daga gayya zuwa fada

Gayya tsohuwar al'ada ce: mutum ya kira jama'a su taya shi noma ko gini, shi kuma ya ba da abinci, gobe ya je ta wani. Akwai kuma gayyar gari, ta yashe rijiya, da gyaran maƙabarta, da cike ramin da ruwa ya yanka a hanya. Sarkin samari ne kan tara matasa, da izinin mai gari.

Gwamnatin Seyni Kunce (1974-1987) ta ɗauki wannan tsari ta mai da shi Samariya ta ƙasa baki ɗaya. An gina azuzuwa, an share tituna, an dasa itatuwa, musamman ranar 3 ga Agusta. An yi aiki mai yawa, amma da yake umurni daga sama yake zuwa, wasu sun riƙa ganinsa kamar ɗan'uwan aikin dole. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 Samariya ta yi sanyi. A gurbinta aka sami fada, wato majalisar samari masu shan shayi a bakin titi, da ƙungiyoyin mata masu adashi, da ƴan agaji na masallatai, da masu sa kai na Croix-Rouge. Fada ba ta da sarki sai wanda ƴaƴanta suka zaɓa. Wata ba ta wuce hira ba, wata kuwa takan fito ranar tsabta ta kwashe shara daga magudanar ruwa, ko ta yi gadin unguwa da dare.

Abin lura shi ne yawancin wannan aiki ya shafi hanya. A cikin garin Dutsi, ruwan da ke gangarowa daga duwatsu yakan cika tituna da yashi, ya ci gindin gidaje. Cikin ayyukan haɗin gwiwa tsakanin Dutsi da garin Orsay na Faransa an jera shingayen duwatsu a gangare don rage gudun ruwan, kuma hannun mutanen gari ne ya ɗauki duwatsun. A ƙauye, idan mota ta kafe a ƙorama, samarin da ke kusa ne ke tura ta. Idan damina ta yanke hanyar kasuwa, su ne ke zuba duwatsu da rassa. Ba a rubuta wannan aiki a kasafin kuɗin kowace hukuma ba, amma in babu shi kasuwa ba ta ci.

5. Ranar da aka fi bukatar hanya

Inda wannan al'amari ya fi nauyi shi ne wajen marar lafiya, musamman mace mai naƙuda. Tun 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Amma tiyata a babbar likita ake yin ta, kuma dokar ba ta kawo mace daga ƙauyenta. Tafiyar kashi biyu ce. Daga gida zuwa ƙaramar likita (CSI), sai amalanken maƙwabci ko moton ɗan'uwa, sau da yawa cikin dare. Daga can zuwa babbar likita, sai motar ɗaukar marasa lafiya, wadda ita ma sai an zuba mata mai.

Don maganin kashi na biyu, a jahar Doso an ƙirƙiro abin da ake kira centime additionnel: duk wanda ya zo likita ya ƙara dala ashirin (100 F), a tara a asusu don man motar. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun yi nazarin wannan dabara, wadda ta fito daga ma'aikatan wurin. Ita ma gayya ce, ta kuɗi. Kashi na farko kuwa har yanzu yana wuyan zumunci. Wanda ke da dangi da abin hawa zai isa da wuri, baƙo ko matar da mijinta ya tafi cin rani tana iya kwana tana jira.

Kammalawa

Mun ga cewa a ƙasar Arewa babu abin hawa ɗaya da ya wadatar, kuma sabo bai kori tsoho ba. Mun ga kuma cewa tsakanin ƙofar gida da kwalta, jama'a ce ke riƙe da hanya. Amma gayya tana da iyaka. Tana cike rami, ba ta gina gada. Tana ƙarfi da rani bayan girbi, alhali hanya da damina take lalacewa, lokacin da kowa yana gonarsa. Tun zaɓen 2004 aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin raya yankunansu, saboda haka muna ganin abubuwa uku sun cancanci a duba su. Na ɗaya, ma'aikatar magajin gari ta san mashigan ƙoramu da ke yanke ƙauyuka kowace shekara, ta kawo siminti da ma'aikaci, jama'a su kawo hannu da duwatsu. Na biyu, kowane ƙauye ya tsai da amalanke ko moto ɗaya da asusunsa don marar lafiya, kowa ya san ƙofar da zai buga. Na uku, a koya wa ƴan kabu-kabu dokar hanya da agajin farko ta hannun ƙungiyoyinsu, tun da su ne kan fara isa wurin haɗari. Wanda ya ba da ƙarfinsa kyauta yana da haƙƙin a tambaye shi inda ya kamata a fara, domin a nan ne gayya ta bambanta da aikin dole.