Ba Gidan Mari Ne Maganin Taɓin Hankali Ba: Darasi Daga Ƙauyen Aro

Daga Wakilinmu

A cikin watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kutsa cikin wani gida a unguwar Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da dama daga cikinsu da mari a ƙafa. Kafin wata guda ya cika aka sake gano irin waɗannan gidaje a Daura da birnin Katsina. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, yawancin waɗanda aka tsare iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko gagara ko taɓin hankali.

Ba ƙiyayya ce ta sa iyayen nan yin haka ba. Uban da ɗansa ya daina barci, ya daina zuwa makaranta, ya koma magana shi kaɗai, neman mafita yake yi ido rufe. In bai sami taimako kusa da gida ba, duk ƙofar da ya gani a buɗe ita zai shiga. To, tambayar ita ce, wace ƙofa muka buɗe masa?

Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. A nan Nijeriya, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A wannan shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, ƙungiyarsu ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Asibitocin Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano suna iyakar ƙoƙarinsu, amma ina mutumin ƙauye ina kuɗin mota da na jinya a birni?

Abin mamaki, hanyar rage wannan matsala an gwada ta a ƙasar nan tun kafin samun mulkin kai. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya koyo aikin likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, ya kama aiki a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya a ɗaki, sai ya daidaita da sarakuna da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin suka ba su masauki a gidajensu, ana biyan haya. Sharaɗi ɗaya ya kafa, watau kowane majinyaci ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko goggo, wanda zai dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti da safe ya karɓi magani, da yamma su komo masauki. Har masu maganin gargajiya ya jawo a jika, domin ya san jama'a sun yarda da su.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Majinyaci bai rabu da rayuwar da ya saba ba, yana cin abincin gida, yana cuɗanya da jama'a. Ɗan'uwan da ke jinyarsa yana koyon yadda ake ba da magani da alamun dawowar ciwo, saboda haka in an koma gida akwai mai sa ido. Mutanen ƙauye kuma tsoron da suke yi wa mai taɓin hankali ya ragu. Sunan Aro ya zaga duniya, shi kuma Dokta Lambo ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Wasu ƙasashen Afirka sun bi hanya mai kama da wannan. A Zimbabwe, tun daga 2006, Dokta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su riƙa zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna sauraron masu fama da damuwa, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ciwonsa ya yi tsanani sai a tura shi wurin likita.

Mu ma a takarda ba a bar mu a baya ba. Tun 1991 manufar gwamnati ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko. A watan Janairu na 2023 kuma aka bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na a kula da shi cikin mutunci. Amma doka ba ta tafiya da ƙafarta. Sai an kai ta asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, an horar da malamin asibiti ya iya gane ciwon, an ajiye masa magani mai rahusa a kabad.

A nan ne ma'aikatan gwamnati suke da abin yi, musamman na ƙananan hukumomi da na ma'aikatun lafiya da ilmi. Malamin makaranta shi ne kan fara lura da yaron da ya canja hali. Limami da mai unguwa su ake fara kai wa kuka. In waɗannan sun san inda za su tura iyaye, to, an yi rabin aiki. Ɗalibai kuma, in abokinku ya janye jiki daga jama'a, ko ya fara zancen ya gaji da duniya, kada ku mai da abin wasa. Ku zauna da shi, ku sanar da wani babba.

Iyaye kuma su sani, addu'a da magani ba sa karo da juna, kuma taɓin hankali ciwo ne kamar hawan jini, ana samun sauƙinsa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da hankalinsa ya taɓu, a lokacin ne ya fi bukatar uwarsa da ubansa a kusa da shi.