Dirhamin Bagadaza a Gonar Gotland

Jirgin ruwan da ke tashi daga Nynäshamn, kudu da Sitokholm, yakan yi awa uku da 'yan mintoci kafin ya isa Visby, babban garin tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, a tsakiyar tekun Baltik. Da yammacin Juma'a, idan sanyi ya yi sauƙi, ba a rasa ayarin ɗaliban jami'a a ciki, kowa da jakarsa a baya, za su yi kwana biyu suna bin sawun Baikinawa, wato mayaƙa da fataken teku na dā na wannan yanki. Kuma da wuya a rasa wani shaƙiyyi a cikinsu da ya kifa hular roba mai ƙaho biyu.

Bari mu fara da tuɓe masa hular nan, don ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Baikinawa ba su sa hular ƙaho ba. Masu tonon kayan tarihi sun shekara fiye da ɗari suna buɗe kaburburansu, ba su ga ko ɗaya ba. Kwalkwalin da aka tono a Gjermundbu ta ƙasar Nowe a 1943, wanda shi ne fitaccen kwalkwali na zamaninsu, ƙoƙon ƙarfe ne zalla da kariyar ido. Akwai huluna masu ƙaho da aka samu a Veksø ta Denmak, amma na tagulla ne, kuma sun girmi Baikinawa da shekara fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar. Wanda ya baza ƙahon a duniya mai tsara tufafin 'yan wasa ne, Carl Emil Doepler, da ya shirya kayan wasan waƙe na Richard Wagner a Jamus a 1876. Ko ɗan dambe ka tambaya zai gaya maka ba a shiga fage da abin da abokin karawa zai kama ya murɗe maka wuya.

Da safiyar Asabar ɗaliban za su ruga ganuwar Visby su yi hotuna. Ganuwa ce mai kyau, ta dutse, tsawonta ya haura kilomita uku, kuma tun 1995 garin ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. Sai dai a ƙarni na 13 aka fara gina ta, zamanin 'yan kasuwar Jamus, alhali zamanin Baikinawa, da aka saba ƙirgawa daga 793 zuwa 1066, ya riga ya shuɗe. A yi hoton a wuce.

Inda ya kamata su kashe wunin shi ne gidan tarihin Gotland, a cikin garin, gaban wani akwatin gilashi da azurfa ke jibge a ciki kamar an zazzage buhun gyaɗa.

Ga yadda aka same ta. A ranar 16 ga Yuli, 1999, ma'aikatan wani gidan talabijin na Suwidin suka je wata gona a Spillings, kusa da garin Slite a arewa maso gabashin tsibirin. Shiri suke ɗauka a kan ɓarayin kayan tarihi masu yawo da na'urar gano ƙarfe a ƙasa. Suka tafi da masana biyu, ɗaya mai tonon kayan tarihi, ɗaya masanin tsofaffin kuɗi, don su nuna yadda na'urar ke aiki. Aka gama ɗauka, 'yan talabijin suka naɗe kayansu suka tafi. Masanan suka ce tunda an zo, bari su ɗan ƙara zagawa. Ba a jima ba na'urar ta ɗauki kuka. Suka matsa 'yan taku kaɗan, ta sake ɗauka, wannan karon har abin ya fi ƙarfin ma'auninta.  Da aka gama tono da lissafi, azurfar ta kai kilo 67: awarwaro kusan ɗari biyar, da sanduna, da gutsattsari, da tsabar kuɗi fiye da 14,000. Ba a taɓa samun tarin azurfar Baikinawa mai yawan wannan ba a ko'ina. Gwamnati ta biya mai gonar fiye da kurona miliyan biyu, kamar yadda dokar ƙasar ta tanada.

Yanzu ɗalibi ya matsa kusa da gilashin ya dubi kuɗin. Idan ya taɓa zaman makarantar allo, shi zai karanta wa 'yan ajinsu Turawa abin da ke jiki. Rubutun Larabci ne irin na Kufa, kalmar shahada ce, da sunan garin da aka buga kuɗin, da shekarar Hijira. Kusan dukansu dirhami ne na daulolin Musulunci. Mafi sabuntarsu an buga shi wajen shekarar 870 Miladiyya, don haka ake ganin ba da daɗewa ba bayan nan aka binne su, a ƙarƙashin daɓen katako na wani ɗaki.

Kuma Spillings ba ita kaɗai ba ce. An tono irin wannan ajiya fiye da ɗari bakwai a tsibirin nan, wanda mota ke ratsa shi daga kudu zuwa arewa cikin 'yan awoyi. Na ƙarni na 10 galibi kuɗin daular Samaniyawa ne, daga Samarƙandu da Shash, wato Tashkent ta yau.

Wannan shi ne abin da finafinai ba sa nunawa. Baikinawan yamma, na Nowe da Denmak, su ne suka addabi Ingila da Faransa da hare-hare. Na gabas fatake ne. Suna ƙetare Baltik su shiga kogunan ƙasar da ake kira Rasha a yau, inda ruwa ya ƙare su ja jirgi a tudu, har su kai kasuwannin kogin Volga. Suna kai fatun dabbobi masu gashi, da takubba, da zuma, da kakinta. Suna kuma kai bayi, maza da mata da suka kamo a hanya, kada wani ya ɗauka ina wanke su ne. Ahmad ibn Fadlan, wanda halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza, ya gamu da irin waɗannan mutane, da ake kira Rus, a bakin Volga a 922. Ya ba da labarin cewa duk sa'ad da ɗayansu ya tara dirhami dubu goma sai ya yi wa matarsa ƙawanyar wuya guda, ta yadda a wuyan mace ake karanta arzikin miji. Duk wanda ya san yadda ake leƙa jeren amarya ya gane zancen.

Tambayar da ɗalibai ke yi a nan ita ce ko mutanen Gotland sun musulunta. A'a. Gumakansu suke bauta wa, Odin da Thor, har Kiristanci ya shigo musu a ƙarni na 11. Rubutun bai dame su ba, nauyi suke so. Shi ya sa za ka ga dirhami an datse shi biyu ko huɗu, awarwaro an sare shi gunduwa-gunduwa: ɗan kasuwa na yawo da ƙaramin sikeli mai naɗewa, a auna, a yanko cikon canji. Wasu kuɗin duk sun sha tsaga da bakin wuƙa, shaidar kowane mai karɓa sai ya gwada ko jabu ne. Kakanninmu ma haka suka yi da kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tereza ta Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780. Wa ya damu da ko wace ce matar? Maƙeran farfaru narkar da shi suke yi su ƙera zobe da munduwa.

Dalilin binnewa kuwa, masana sun yi ta ja-in-ja: tsoron hari, ko asusu, ko sadaki, ko wani imani game da lahira. Mai yiwuwa kowanne da nasa gaskiyar.

Ni dai kuɗi guda ne ya fi tsaya mini a rai cikin dubban nan. Idan ka gan shi sai ka rantse dirhamin Abbasiyawa ne, amma an ƙara masa layin da ke cewa Musa manzon Allah ne. A ƙasar Khazar aka buga shi, arewa da tekun Kasfiyan, wajen 837, kuma yana cikin hujjoji mafi ƙarfi da masana ke kafawa cewa sarakunan Khazar sun karɓi addinin Yahudanci. Labarin da aka daɗe ana jayayya a kansa daga tsofaffin littattafai, sai ga shaidarsa ta fito daga gonar wani manomi a Suwidin.

Ranar Lahadi akan kai ɗalibai su ga duwatsu masu zane, irin na Stora Hammars da ke Bunge, masu hoton jiragen ruwa da mayaƙa. Sun cancanci kallo, ko don filafilan jiragen. Masu naci sukan roƙi direba ya bi da su ta Spillings. Fili ne kawai na noma, shimfiɗaɗɗe, da iska mai sanyi daga teku. Nan ne wani zai fara kallon ƙasa yana tona ta da ƙafa, sai malami ya tuna masa cewa a Suwidin ba a ɗaukar na'urar gano ƙarfe sai da izinin hukuma, kuma jirgin yamma ba ya jiran kowa.