Idan Wani Abu Ya Lalace a Jirgin Sama Yana Cikin Tafiya, Yaya Matuƙa Ke Yi?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai saurarenmu a Dutsin-Ma, ɗan kasuwar hatsi da ke cin kasuwar Kurfi, wanda kuma ya biya kuɗin kujerar aikin Hajji. Ya ce su dai a hanyar Katsina idan mota ta sami matsala, direba kan ratse gefen titi ne a nemo bakanike. To shi jirgin sama ina zai ratse?

To Malam, Allah Ya sa a yi Hajji karɓaɓɓe. Da farko dai ka sani, masu ƙera jirgi sun san ƙarfe yana gajiya, don haka kusan duk wani muhimmin abu sai da suka yi masa na biyu, wani ma har na uku. Jirgi mai inji biyu yana iya ci gaba da tafiya, ya kuma sauka lafiya da inji guda. Idan tayoyi suka ƙi fitowa, akwai hanyar da ake sakinsu nauyinsu ya jawo su ƙasa. Matuƙa ma biyu ne.

Da zarar ƙararrawa ta kaɗa, sai su raba aiki. Ɗaya ba ruwansa da komai sai riƙe jirgin, ɗayan kuma ya buɗe littafin matakan gaggawa yana karantawa da ƙarfi, layi bayan layi, suna aiwatarwa. Wasu matakan, kamar na gobarar inji, a ka suke haddace su. Kafin a kashe inji kuwa sai su biyun sun tabbatar cewa mai ciwon ne za a kashe, domin an taɓa kashe lafiyayyen bisa kuskure. Daga nan sai su kira ma'aikatan hasumiya. Idan rayuka na cikin haɗari matuƙi zai ce "Mayday" sau uku, nan take a kawar da sauran jirage a ba shi hanya, motocin kashe gobara su ja daga. Wani lokaci za ka ga jirgin yana ta kewaya gari bai sauka ba, mai yake ƙonawa don ya rage nauyi. Duk wannan ana koyar da shi a makarantu irin Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, kuma ko tsohon matuƙi sai an riƙa sa shi a cikin na'urar gwaji, a ƙirƙiro masa gobara da mutuwar inji a ga yadda zai yi.

Amma fa tsarin sai an bi shi yake amfani. Manya daga cikin masu saurare ba za su manta da ranar 11 ga Yulin 1991 ba, lokacin da jirgi samfurin DC-8 da Nigeria Airways ya yi haya ya taso daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna tun kafin tashi an san wasu tayoyin ba su da isasshiyar iska, amma aka bar jirgin ya tafi don gudun jinkiri. Tayoyin suka fashe yana cikin gudu a kan titin tashi, suka kama wuta. Matuƙan ba su san da wutar ba, domin babu na'urar da za ta gaya musu, sai suka naɗe tayoyin zuwa cikin jirgi kamar yadda aka saba, wato suka shigar da gobarar ciki. Sun juyo da nufin sauka, amma wutar ta riga ta cinye wayoyi da bututun man sarrafa jirgin. Ya faɗi dab da filin, mutum 261 da ke ciki duka suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Na Dana Air kuwa, ranar 3 ga Yunin 2012, inji ɗaya ne ya fara ba da matsala jim kaɗan bayan tashi daga Abuja. Maimakon su buɗe littafin nan su sauka a fili mafi kusa, sai matuƙan suka ci gaba zuwa Legas. Suna gab da isa na biyun ma ya daina ja, aka rasa mutum 153 na cikin jirgi da wasu a ƙasa. A ganinmu wannan ya fi ciwo, domin akwai lokaci, akwai kuma filayen sauka a hanya.

Akwai kuma inda aka dace. A Janairun 2009 a birnin New York na Amurka, garken tsuntsaye ya kashe injinan wani jirgi duka biyu. Kyaftin Chesley Sullenberger ya ga ba za su kai fili ba, ya kwantar da jirgin a kan kogin Hudson, mutum 155 duka suka tsira.

Kai kuma Malam, ranar da za ku tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina, naka aikin kaɗan ne. Ka ɗaura bel, ka saurari bayanin ma'aikata, ka lura da ƙofar da ta fi kusa da kai. Idan robar numfashi ta faɗo daga sama, ka fara sa taka kafin ka taimaki na kusa. In kuwa aka ce a fita da gaggawa, ka bar jaka da tsaraba a inda suke, domin an tsara ƙofofin ne yadda kowa zai fice cikin daƙiƙa 90.